Ko Ruwa Zai Iya Zama Mai? Lacca a Kan Raba Ruwa da Wutar Lantarki

Ruwan da ake sha, iska biyu ce ta haɗu ta zama shi: haidurojin da oksijin. A cikin kowace ƙwayar ruwa akwai zarra biyu ta haidurojin da ɗaya ta oksijin, sun riƙe juna gam. Idan aka tsoma farantan ƙarfe biyu a cikin ruwan da aka barbaɗa wa ɗan sinadari, aka jona su da batir, wutar za ta ɓalle wannan riƙo, kumfa ya fara tashi a jikin farantan. Haidurojin tana fita a gefen baƙar waya, oksijin a gefen jar waya, kuma ta farkon tana ninka ta biyun sau biyu wajen yawa. Ita haidurojin tana cin wuta, ci mai ƙarfi, har ana iya tayar da inji da ita. Daga nan ne tambayar ta samo asali: tunda ana iya fitar da abin ƙonawa daga ruwa, me zai hana a ƙona shi a janareto, janareton ya ba da wuta, a ɗebi kaɗan daga wutar a ci gaba da raba ruwa, sauran kuma a yi aiki da ita?

Tambaya ce mai nauyi a ƙasar Kankiya da Kusada. Manomin rani da ke bakin fadama, da ɗan acaɓa, da mai cajin waya a bakin titin Kano zuwa Katsina, da mai walda, da tela, duk cikinsu babu wanda bai san zafin kuɗin mai ba. Kafin a janye tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur tana wajen naira 200. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama. A irin wannan hali ne bidiyoyi ke yawo a Facebook da TikTok da WhatsApp, ana nuna babur ko janareto an ce da ruwa zalla yake aiki. Wanda ya tsaya ya kalla ba wawa ba ne, matsi ne ya sa shi neman mafita. Abin da ya cancanta shi ne a ba shi amsa da lissafinta. Amsar ita ce a'a, kuma dalilin bai rataya a kan ƙarancin kayan aiki ko rashin basirar masu ƙirƙira ba.

Shi kansa aikin raba ruwa ba baƙon abu ba ne a garuruwan nan. Duk wanda ya taɓa zama a shagon mai cajin batir ya gan shi. Ana kwance murafun batirin mota, a maƙala masa waya, bayan wasu sa'o'i sai a ji yana ɗan ƙara kamar tukunya ta kusa tafasa, kumfa ƙanana na tasowa ta kowane rami. Ba tafasa ba ce. Batirin ya cika, wutar da ake ci gaba da ɗura masa ba ta da wurin zama, sai ta koma raba ruwan da ke ciki. Shi ya sa ruwan batir ke raguwa har sai an ƙara, shi ya sa kuma tsofaffin masu sana'ar ke korar mai shan taba daga kusa da teburin caji. A wurin mai shagon, wannan kumfa asara ce, wuta ce da ya biya kuɗinta take ficewa iska.

Masana sun san wannan aiki fiye da shekara 200. A 1766 Henry Cavendish na Ingila ya ware haidurojin ya bayyana halayenta, daga baya ya nuna cewa idan ta ƙone ruwa take zama. A 1800, da Alessandro Volta na Italiya ya sanar da batirin farko, cikin 'yan makonni William Nicholson da Anthony Carlisle suka raba ruwa da shi a Landan. A 1833 da 1834 Michael Faraday ya auna dangantakar da ke tsakanin yawan wuta da yawan iskar da take fitarwa, kuma har gobe da ma'auninsa ake aiki: duk amfiya 26.8 da suka ratsa ɗaki ɗaya na na'urar tsawon awa guda, giram ɗaya na haidurojin suke bayarwa, ba ƙari.

Lissafin shiga da fita

Ma'aunin da ya fi sauƙi a nan shi ne yunit, wanda ake saya a mitar wuta. Yunit ɗaya shi ne wutar da kayan wat 1,000 ke sha a awa guda. Litar fetur tana ɗauke da zafin da ya kai kusan yunit 9.

Lita ɗaya ta ruwa tana da nauyin kilo ɗaya. Idan aka raba ta kakaf, za a samu kimanin giram 111 na haidurojin da giram 889 na oksijin. Makamashin da wannan rabawa ke ci, a mafi ƙarancinsa, yunit 4.4 ne. To idan aka ɗauki wannan haidurojin aka ƙona ta, aka tattara duk zafin da ta fitar, har da wanda ke cikin tururi, aka bar ruwan ya huce ya koma yadda yake tun farko, abin da za a samu yunit 4.4 ne daidai. Ba katari aka yi ba da lambobin biyu suka zo ɗaya. Rabawa da ƙonawa hanya ɗaya ce, ɗaya tafiya ɗaya dawowa. An fara da ruwa, an ƙare da ruwa, don haka babu inda riba za ta fito. Germain Hess ya tabbatar da wannan ƙa'ida a Rasha a 1840: yawan zafin da ke tsakanin farkon haɗin sinadarai da ƙarshensa bai damu da hanyar da aka bi ba. Cikin shekarun da suka biyo baya Julius Mayer da James Joule da Hermann Helmholtz suka shimfiɗa babbar dokar da ta haɗe wannan duka, cewa makamashi yana sauya kama, daga zafi zuwa motsi, daga motsi zuwa lantarki, amma ɗan Adam ba ya ƙirƙirarsa daga babu, ba ya kuma shafe shi.

Hanya mafi kusa ta gane lamarin ita ce a ɗauki ruwa a matsayin toka. Itace ya ci wuta ya ba da zafinsa, toka ta rage. Ba mai hura murhu da toka. Haka ruwa yake, haidurojin ce da ta riga ta ƙone. Ƙarfin riƙon da ke tsakanin zarrarta da ta oksijin shi ne shaidar cewa an riga an fitar da zafin. Wannan ne ma ya sa ruwa ke kashe gobara maimakon ya ƙara ruruta ta.

Yunit 4.4 ɗin nan kuwa a takarda ne. A aikace ba a taɓa dawowa da abin da aka fita da shi. Ruwa ba ya fara rabuwa sai ƙarfin wutar ya kai bolt 1.23 a kowane ɗaki, amma a wannan mataki kumfar ba ta taka kara ta karya ba. Kafin iska ta fito da yawan da za a amfana, sai an kai bolt 1.8 zuwa 2, wani lokaci sama da haka. Duk abin da ya ɗaru a kan bolt 1.48 zafi yake zama: ruwan ya ɗumama, wayoyi su yi zafi, farantai su ci. Manyan na'urorin masana'antu, waɗanda aka kashe musu maƙudan kuɗi, suna shan yunit 50 zuwa 55 kafin su ba da kilo ɗaya na haidurojin, alhali duk zafin da ke cikin kilon yunit 39.4 ne, wanda inji zai iya mora a ciki kuma bai wuce 33.3 ba, saboda sauran yana fita da tururi ta salansa.

Sai a bi zagayen da ake mafarki. A zuba yunit 6 na wuta, a raba lita ɗaya ta ruwa. Haidurojin da aka samu tana da kimanin yunit 3.7 da inji zai iya taɓawa. Ƙaramin janareto irin na shaguna da ƙyar yake mai da kashi 20 cikin 100 na mansa zuwa lantarki. Ragowar zafi ne da ƙara da hayaƙi. Ke nan yunit 6 sun shiga, abin da ya fito bai cika yunit ɗaya ba. Idan aka mayar da wannan ga na'urar raba ruwa, zagaye na biyu zai ba da abin da bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na yunit ba. Injin zai mutu cikin ɗan lokaci, tun kafin a jona masa ko ƙwan fitila.

Kwalbar da ake ɗaura wa mota

Akwai wani nau'in da'awar da ya fi wancan wayo, shi ne kuma ya fi cin kuɗin mutane. Ba a cewa mota za ta bar shan fetur, cewa ake za ta rage. Ana ɗaura kwalba mai farantan ƙarfe a gefen inji, a jona ta da batirin motar, a ja siririn tiyo zuwa inda iska ke shiga. Mai sayarwa zai ce wutar kyauta ce, tunda dama na'urar caji tana juyawa. Kowane bakanike ya san ba haka ba ne. In aka kunna manyan fitilu da na'urar sanyaya mota alhali tana tsaye, ana jin muryar injin ta sauya, domin an ƙara masa kaya. Na'urar caji tana ƙara nauyi gwargwadon wutar da aka ja daga gare ta, kuma fetur ne ke biya.

A ɗauki kwalba mai ɗakuna shida da ke jan amfiya 15. Bisa ma'aunin Faraday, a awa guda ba za ta wuce giram 3.4 na haidurojin ba, wato kimanin kashi ɗaya cikin tara na yunit. Wutar da ta sha ta kai kashi ɗaya cikin biyar na yunit. Kafin injin ya samar da wannan wuta, sai ya ƙona kusan kashi ɗaya cikin shida na litar fetur, domin shi kansa kashi 25 cikin 100 kawai yake mayarwa motsi, na'urar caji kuma ta zubar da kusan rabin wannan. Motar da ke shan lita 6 a awa tana ƙona sama da yunit 50; gudummawar kwalbar kusan ɗaya cikin 500 ce kawai. Masu kare ta kan ce ai ba don zafinta ba ne, tana taimaka wa fetur ya ƙone sarai. Amma lafiyayyen inji dama yana ƙona kusan duk man da ya shiga cikinsa. Asararsa ba a ɗanyen mai take ba, a zafin da ke fita ta lagireto da salansa take. Direban da ya ga sauƙi bayan ɗaura kwalba, galibi an wanke masa kabureto ne an sauya fulogi a rana ɗaya, ko kuwa shi ne ya sassauta ƙafa saboda yana sa ido a kan allurar mai.

Inda lissafi ke haura ɗari

Akwai wuri guda da mai gardama zai iya kafa hujja, kuma adalci ne a kawo shi. Tsakanin bolt 1.23 da 1.48, ruwa yana rabuwa da wutar da ba ta kai yawan makamashin da ke shiga cikin haidurojin ba. Cikon yana fitowa daga zafin da ke kewaye: na'urar tana sanyi, tana zuƙo ɗumi daga iska ko daga ruwan. A takarda, yunit 3.7 na lantarki da yunit 0.7 na zafi ne suke haɗuwa su ba da 4.4. Wanda ya ƙirga lantarki kaɗai zai ce ya samu kashi 120 cikin 100. Akwai ma na'urori na gaske masu aiki da tururi a zafin digiri 700 zuwa 850, waɗanda ke cin moriyar wannan, musamman a kusa da masana'antar da ke zubar da zafi a banza.

Sai dai ba a ƙirƙiri komai ba, an ciro zafi ne daga wani wuri aka ƙara. Kuma ƙofar a rufe take ta ɗaya gefen. Idan aka zo mayar da haidurojin lantarki, ko da ta hanya mafi inganci, wato batirin haidurojin da William Grove ya fara gwadawa a 1839, iyakar abin da za a iya samu yunit 3.7 ne, ragowar 0.7 dole ya fita a matsayin zafi. An koma gidan jiya. Wannan ita ce doka ta biyu ta makamashi, wadda ta ce zafin da ke warwatse a muhalli ba ya taruwa da kansa ya zama aiki. A aikace, batirin haidurojin na zamani yana ba da kashi 50 zuwa 60 cikin 100, don haka daga lantarki zuwa haidurojin zuwa lantarki ana tsira da kashi 30 zuwa 40 ne kawai.

Haka batun sinadaran da ke saukaka rabuwa, irin su nikel da filatinam, da batun aika wuta a gutsuttsure da sauri, wanda ake cewa yana girgiza ƙwayar ruwa har ta karye da kanta. Mafi alherin da za su iya shi ne su rage asarar da ke saman bolt 1.23. Ba sa taɓa ƙasansa.

Abin da ido ke gani

To me ake gani a bidiyon? Sau da yawa akwai mai na gaske, amma ba ruwan ba ne. Masu waldar gas a kowace kasuwa suna zuba ruwa a kan kabayid, dutsen nan mai ruwan toka da wari, iska ta taso su kunna ta su yanka ƙarfe. Mai kallo zai iya rantsewa ruwa ne ke ci. Makamashin yana cikin dutsen, wanda aka dafa daga farar ƙasa da gawayin kwal a tanderun lantarki mai zafin kusan digiri 2,000. Idan ya ƙare, sai farin dagwalo ya rage, komai yawan ruwan da aka ƙara. Haka idan aka jefa gutsattsarin alminiyam cikin ruwan sodar sabulu, haidurojin za ta fito ba tare da batir ba, amma alminiyam ɗin ne ke narkewa, shi kuwa sai da aka kashe kimanin yunit 14 na wuta kafin a narko kilo ɗaya nasa. Wani lokaci batiri ne a cikin akwatin yake sauka a hankali, wani lokaci ragowar fetur ne a kabureto, wanda ya isa ya riƙe ƙaramin inji na 'yan mintuna, daidai tsawon bidiyo.

Ba kowa ne mayaudari ba. Da yawa masu gaskiya ne da ma'auni ya ruɗe su. Ƙaramar mitar hannu ba ta karanta wutar da ke zuwa a gutsuttsure daidai, takan nuna ƙasa da abin da ake sha. Kwalbar da ta yi zafi kuma tana fitar da tururi tare da iskar, sai a auna duka a ɗauka haidurojin ce. A rage abin da ya shiga, a kumbura abin da ya fita, sai riba ta bayyana a takarda. Akwai kuma ruɗanin da sunan wutar ruwa ke jawowa. Madatsun Kainji da Jebba da Shiroro ba sa ƙona ruwa ko raba shi; nauyinsa ne ke gangarowa daga sama ya juya inji, rana ce kuma ta ɗaga shi sama tun farko ta hanyar girgije.

Da'awar tana da dogon tarihi. Tun 1775 Cibiyar Kimiyya ta Faris ta yanke shawarar daina duba duk wata na'urar da aka ce tana juya kanta har abada, saboda yawansu da rashin ko ɗaya da ta yi aiki. Wanda ya fi shahara a zamanin nan shi ne Stanley Meyer na jihar Ohayo a Amurka, wanda ya ce motarsa za ta ratsa ƙasar daga gaɓa zuwa gaɓa da galan 22 na ruwa. A 1996 mutum biyu da suka zuba jari suka kai shi kotu. Masanan da suka duba na'urar suka ce raba ruwa ne irin wanda aka saba, kotu ta same shi da zamba, ta umarce shi ya mayar musu da dala 25,000. Ya rasu a 1998, mabiyansa suka ce guba aka ba shi, likitan da ya binciki gawar ya ce jijiyar jini ce ta fashe a ƙwaƙwalwarsa. A Filifin an yanke wa Daniel Dingel hukunci kan irin wannan a 2008. A Pakistan a 2012 har ministoci suka fito suna yaba wata na'urar mota mai ruwa, masana irin su Pervez Hoodbhoy suka yi ta jan hankali, daga baya maganar ta bi ruwa.

A Najeriya ma, a wani baje kolin ƙirƙira da aka yi a Legas a watan Nuwamban 2012, wasu 'yan mata huɗu 'yan sakandare sun nuna janareton da aka ce litar fitsari ɗaya tana ba shi awa shida. Ƙoƙarinsu abin yabo ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin sinadarin yuriya da ke cikin fitsari ya fi ruwa sauƙin rabuwa. Amma yuriyar da ke cikin lita ɗaya ba ta fi giram 20 ba, makamashinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na yunit ba, kuma na'urar tana buƙatar wuta daga waje. Laifin na manyan da suka yayata labarin ne ba tare da sun zauna da yaran sun yi lissafin ba. Yaro mai irin wannan himma, ko a Kusada yake ko a Legas, ya fi buƙatar malamin da zai koya masa awo a kan mai tafa masa.

Masu cewa kamfanonin mai ne suka danne fasahar suna da tambayar da za su amsa. Takardun mallakar fasahar Meyer a buɗe suke, wa'adinsu ya ƙare, kowa na iya karantawa ya ƙera. Ƙasashe irin su Japan da Indiya da Sin suna kashe biliyoyin daloli kowace shekara wajen sayo mai, suna da injiniyoyi da dakarun da ba kamfanin da zai tsoratar da su. Da abin yana aiki, da tuni sun bar saye.

Gwajin da ke raba gardama ba ya buƙatar jami'a. A zubar da duk man da ke tanki da kabureto a gaban shaidu. A cire batir bayan an tayar, ko a auna cajinsa kafin da bayan. A buɗe kowane akwati, a auna nauyin duk wani ƙarfe ko hoda da ke cikin ruwan. A jona kaya masu shan wuta sosai, kamar dutsen guga, a bar shi ya kwana ya wuni. Wanda ya ce sirrin sana'a ya hana shi yarda da wannan, bai kamata a miƙa masa ko sisi ba.

Wani zai ji an ce akwai makamashi mai yawan gaske a cikin ruwan teku, kuma gaskiya ne, amma wata magana ce daban. Kusan ɗaya cikin kowace zarra 6,400 ta haidurojin tana da nauyi ninki biyu, kuma idan aka narkar da cibiyoyin irin waɗannan zarra suka haɗe, kamar yadda ke faruwa a cikin rana, ana samun zafi mai ban tsoro. Wannan yana buƙatar miliyoyin digiri. A 1989 Martin Fleischmann da Stanley Pons suka sanar a jihar Yuta cewa sun yi hakan a kwalbar raba ruwa, ɗakunan bincike da dama suka gwada ba su tabbatar ba. A Disamban 2022 wata cibiya a Kalifoniya ta gwada haɗe su da haske mai ƙarfi, ta samu makamashin da ya fi na hasken da ta harba da kusan rabi, amma wutar da na'urorin suka sha daga layi ta ninka abin da aka samu kusan sau 100.

Inda amfanin yake

Duk wannan bai sa raba ruwa ya zama aikin banza ba. Haidurojin ma'ajiya ce ta makamashi, kuma kayan haɗi ce a masana'anta. Takin yuriya da manomin masara da dawa ke nema kowace damina daga amoniya ake yin sa, amoniya kuwa haidurojin ce da naitirojin. Masana'antun taki na Eleme da Onne da Lekki daga iskar gas suke ciro tasu, kamar yadda ake samar da mafi yawan tan miliyan 90 da wani abu da duniya ke amfani da su a shekara. Amma inda wuta ta yi arha, ruwa ya taɓa zama tushen taki: a Rjukan ta ƙasar Nowe tun ƙarshen shekarun 1920, da Aswan ta Masar daga 1960, duk da wutar madatsar ruwa. A yau ana shirya manyan ayyuka irin wannan da rana da iska a Namibiya da Muritaniya da Saudiyya. Ba wanda ke cikinsu yake da'awar riba a makamashi. Sun san za su yi asarar kashi 30 ko fiye, sun yarda, domin suna sayen abin da waya ba ta iya ɗauka: taki, da narkar da ƙarfe ba da kwal ba, da ajiyar watanni.

Wuri ɗaya a Afirka ta Yamma ya samu haidurojin ba tare da ya biya wuta ba. A ƙauyen Burakebugu, arewa maso yamma da Bamako a Mali, masu haƙa rijiyar burtsatse a 1987 sun ci karo da iskar da ta kama da wuta, aka toshe ramin. Da aka sake buɗe shi bayan shekaru sama da 20, aka tarar kusan kashi 98 cikin 100 haidurojin ce, kuma daga 2012 aka riƙa ba ƙauyen wuta da ita. A can ma ba a karya doka ba. Duwatsu masu ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa ne ake kyautata zaton suna ƙwace oksijin daga ruwa a hankali, su saki haidurojin. Ma'adini ne, kamar gas.

Arzikin da ƙasar Katsina ke da shi a bayyane rana ce. Kowane murabba'in mita yana samun kimanin yunit 5 da rabi zuwa 6 a wuni. Shi ya sa a cikin yarjejeniyoyin wutar sola 14 da aka sa wa hannu a Abuja a Yulin 2016 akwai ta megawat 75 a Kankiya, inda dama akwai tashar rarraba wuta ta babban layi, ko da yake ayyukan sun daɗe suna jan ƙafa. A Lambar Rimi kuma an kafa injinan iska masu megawat 10. Ga manomi ɗaya, lissafin a fili yake. Faifan sola huɗu masu wat 300 suna ba da kusan yunit 6 a rana mai haske. In ya bi da su ta kwalbar raba ruwa zuwa janareto, bai samu yunit ɗaya ba. In ya zuba su a batirin litiyam, zai ɗebi sama da 5 da dare. A batirin ruwa, 4 da rabi ko kusa. In kuwa ban ruwa ne buƙatarsa, ya jona famfon sola kai tsaye ya cika tanki ko ya kora ruwan cikin fangali da rana tsaka, ba tare da batir ba ma.

A makarantun sakandare da kwalejin kiwon lafiya ta Kankiya, gwajin raba ruwa ya cancanci a yi shi da hannu, a kuma auna bolt da amfiya da lokaci da yawan iska, ɗalibi ya fitar da asarar da kansa. Batir mai bolt 9, da bakin fensir biyu, da kofin ruwa da ɗan bakar hoda sun isa. Kada a yi amfani da gishirin miya, domin yana fitar da iskar kulorin mai illa ga huhu. Kada a tara iskokin biyu a mazubi ɗaya, domin haɗinsu yana fashewa da ɗan tartsatsi, kuma wutar tana iya bin tiyo ta koma cikin kwalba. Haidurojin tana kamawa da zarar ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, ba ta da wari, harshen wutarta kuma da ƙyar ake ganinsa da rana, saboda haka a yi gwajin a fili ko a buɗe tagogi, a kuma tsaya a kan abin da bai wuce cikin ƙaramar kwalbar gwaji ba.